Sawu a Kan Soro

Ranar Laraba da hantsi ɗan jirgin ɗaukar hoto ya ɓace a sararin birnin Zariya. Kafin a kira azahar mutanen lungu sun gama shari'a a bakinsu. Sun ce Zulkiflu magini ne ya ɗauke.

Lungun yana bayan Limancin Kona. Gidajen ƙasa ne, soro jingine da soro, kakanni suka gina, jikoki ke yaɓewa. Nan wata budurwa mai suna Pamela, 'yar Wusasa, ta zo da jirginta. Wani kamfani ne a Kaduna ya aiko ta, aikinsu ɗaukar hoton ƙasar nan daga sama, duwatsu da koguna da tsofaffin birane. Abin bai fi faifai faɗi ba. Fiffike huɗu, ido ɗaya a ƙirji, kuka irin na zirnaƙo. Ta nemi izini wurin dattijon lungun, Alhaji Zaharaddini, ya ba ta kwana uku. A rana ta biyu jirgi ya tashi bai dawo ba.

Shugabanta ya bugo waya ya ce idan la'asar ɗin Alhamis ta yi ba a gan shi ba, a kai magana wurin 'yan sanda, tare da sunan wanda ake zargi. Alhaji ba ya son takalmin 'yan sanda a lungunsa. Ya aika Ƙofar Kuyambana a kira masa Bahago mai bin sawu.

Bahago ya ba saba'in baya. Yana saurayi ya bi sawun shanun sata har dajin Birnin Gwari. Ya bi jakuna. Da jakuna suka yi ƙaranci ya koya wa kansa karanta tayar babur. Bai yi nisa a allo ba, kuma bai taɓa jin kunyar haka ba. Ya iso da sandarsa a hagu, ya zauna a zauren Alhaji, ya ƙi shan ruwa sai ya ji abin da aka kira shi a kai.

Alhaji ya jero masa hujja uku. Ranar Talata Zulkiflu ya faɗa a bainar jama'a cewa abin nan da ke leƙa gidajen mutane, in ya matso kusa da shi zai kaɗo shi ƙasa. Na biyu, hoton ƙarshe da jirgin ya aiko wa yarinyar na Zulkiflu ne a kan soro. Na uku shi ne wanda ya fi nauyi, wato kira.

A birni namiji ba ya hawa soro ko itace sai ya ɗaga murya sau uku, don matan maƙwabta su kimtsa. Ko gidansa ne, ko soron ubansa ne. Wanda ya hau shiru, ranar zai kwana da sabon suna. To, ranar Laraba tun daga asuba har azahar kira ɗaya aka ji a lungun nan, na Zulkiflu, lokacin da zai hau soron Sadiƙu tela ya yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka. An tambayi gida-gida. Kowace mace ta ce ɗaya ta ji.

"Kira ɗaya, mutum ɗaya a sama," in ji Alhaji. "Ko kai ka ga wata hanya?"

Bahago ya san Zulkiflu, ya san ubansa. Ya kuma san abin da ke gaba. Ɗaurin 'yan sanda kwana ne, yana ƙarewa. Amma mai hawa soro amana ake ba shi, domin daga can cikin kowane gida a buɗe yake. Ranar da aka kira magini ɓarawo, ba mai sake jingina masa tsani a katangarsa. Sana'ar gidan su Zulkiflu tun kaka da kakanni, a kansa za ta mutu.

"Abin da ke tashi sama ba ya barin sawu," in ji Bahago. "Wanda ya ɗauke shi dai da ƙafa ya zo."

*

Ya sami Pamela a gindin wani rimi, idonta ya yi ja. Ta durƙusa ta gaishe shi da Hausar da ba ta da gyara. Ya tambaye ta gidansu, ta ce ita jikar Malam Seth ce na Wusasa, wanda ya koyar a makarantar mishan. Bahago ya ce ya san shi, ya taɓa nemo masa keke. Daga nan ya ce ta nuna masa abin da jirgin ya gani.

Ta miƙo masa wani allo na gilashi. Ya riƙe shi nesa da fuska.

Da farko bai gane komai ba. Can ƙasa ta faɗa ƙasa, shi ya yi sama. Ya ga ganuwa kwance ta zagaye gari, nan ta tashi, can ta narke ta zama tudu. Ya ga rimaye kamar an kifa koren ƙore a tsakanin gidaje. Kududdufai suna riƙe da gajimare a cikinsu. Lungunan da ya yi shekara saba'in yana takawa sun koma zanen tafin hannu, mutane a ciki kamar ƙwayar gero da ta zube a tabarma. Jirgin ya ƙetare Kuyambana, ya nufi Kufena, dutsen yana kwance kamar bijimin da ya ƙoshi. Bahago ya hango wani burtali da ya taɓa bi yini guda a sunkuye. Abin nan ya shafe shi kafin ya sauke numfashi.

Ya ji kamar ya mutu ne aka ɗauki ransa ana nuna masa inda ya zauna. Da ya lura yarinyar tana kallonsa sai ya haɗe fuska, ya ce abin ya ga hanya amma bai san wanda ya bi ta ba.

Ta nuna masa na ƙarshe. Zulkiflu ne durƙushe a kan soro, ƙasa a hannunsa, ya ɗaga kai. Nan hoton ya daskare. Ta ce katangu da rimaye ne suka raba ta da jirgin. In haka ta faru, tsayawa yake yi wuri ɗaya a sama yana jiran ta, idonsa kuma a buɗe, yana ci gaba da ɗauka yana ajiyewa a cikinsa. Ta yi gudu ta zagayo lungu. Kafin ta iso babu shi, babu kukansa.

"Baba, ni jirgi nake nema, ba mutum ba," in ji ta. "Amma in aka tambaye ni wa na gani, me zan ce?"

"Abin da kika gani," in ji shi. Ya miƙa mata allonta.

*

Zulkiflu yana zaune a dakalin ƙofar gidansa, ƙasa ta bushe a ƙwaurinsa bai wanke ba. Mutum ne mai shekara arba'in da biyar, faɗin kafaɗa, gajeriyar magana. Ya ce wa Bahago tun azahar gida biyu sun aiko kada ya zo musu aiki, wai sun fasa. Ga hadari yana haɗuwa kullum a gabas, soronsu a tsage, amma sun fasa.

Maganar Talata bai musa ba. Ya ce shi da aka haifa a lungun nan sai ya yi kira sau uku kafin ya taka tsani, amma an bar wani abu yana shawagi a kan matan mutane ko sallama babu. Ya faɗa, kuma ko yau zai sake faɗa.

"Ka kaɗo shi?"

"Ban kaɗo shi ba."

"Ka ɗauka?"

"Ban ɗauka ba, Baba."

"Ka ga inda ya faɗi?"

Zulkiflu ya dubi ƙafarsa. Ya ɓamɓare busasshiyar ƙasa daga ƙwaurinsa, ya murje ta a yatsa.

"Mai hawa soro ba shi da ido."

Bahago ya buga sanda a ƙasa. Ya ce masa gobe da la'asar za a sa shi a mota, 'ya'yansa suna kallo, shi kuma yana nan yana karanta masa dokar magina. Ya ce ubansa ma haka yake, kai kamar dutsen niƙa. Zulkiflu ya ce Allah ya jiƙan tsoho.

Bahago ya tashi da abu ɗaya a ransa. Ɓarawo yakan yi magana da yawa. Wannan ya ga wani abu ne, kuma ya zaɓi mota a kan ya faɗa.

*

Akwai wani da aka raɗa masa sunansa a hanya, Muntasir mai tantabaru. Ranar Talata jirgin ya ratsa garkensa a sama, tantabaru suka watse, uku ba su dawo ba. An ce an gan shi da danƙon harbin tsuntsu.

Muntasir ya tarbe shi da surutu. Ya kira tantabarun da suka ɓata da sunayensu, ya ce ɗaya daga Sakkwato aka kawo masa ita, ƙafarta har da gashi. Ya ce wallahi da ya sami abin nan da ya nuna masa shi ɗan halak ne. Yana cikin cika baki ya tuna da wa yake magana, muryarsa ta sauka, ya ce shi fa mutum ne mai son zaman lafiya, kowa ya shaida.

Bahago ya miƙa sanda ya zaro danƙon daga bayan akurki. Ya ce masa ya fito da hannun da yake ɓoyewa a riga. Babban yatsan hagu ya kumbura kamar ƙwan zabo, farcen ya yi baƙi.

Gaskiya ta fito da kanta. Talata da yamma Muntasir ya harba sau biyu. Dutsen farko ya fasa tulun maƙwabciya. Na biyu bai bar hannunsa ba. Tun ranar ko maɓallin riga matarsa ke sa masa.

"An aike ka sama ka sauka a yatsa," in ji Bahago. "Ka zo gobe da la'asar. Ka zo da hannun."

*

Alhamis, rana tana fitowa, kafin ƙafa ta ɓata ƙasa, Bahago ya bi lungun a sunkuye. Tsani yakan bar rami biyu a inda ya tsaya. Ya zagaye katangu bakwai. Rami biyu kawai ya samu, a gindin katangar Sadiƙu tela, tsanin Zulkiflu kuma yana nan jingine inda ya bar shi.

Gidan da ke manne da na tela ta yamma gidan Malam Nasrullahi ne, babban malami, wanda aka ce ya shiga halwa shekara biyu ke nan, ba ya ganin kowa. A ƙarƙashin indararon gidan Bahago ya tsaya. Busasshen barkono ne warwatse a ƙasa, jajaye, ba a yi ruwa ba balle a ce ruwa ya koro su. Ya tona da bakin sanda. Ga wani ɓallin baƙar roba kamar farce, zare shuɗi naɗe a jikinsa. Ya jefa shi a aljihu.

Ya koma gindin tsani. Rabonsa da hawa soro ya fi shekara ashirin. Ya gyara murya.

"Jama'a a kimtsa, za a hau sama!"

Sau uku ya faɗa. Ya ji ana jan takalma a tsakar gidaje, ana kiran yara, ƙofofi suna rufuwa. Ya hau a hankali, gwiwa tana ƙara.

Yaɓen jiya yana nan da sauran danshi, ƙasa da makubar ɗorawa mai hana ruwa shiga, ja mai duhu. Magini daga nesa yake farawa, yana ja da baya zuwa tsaninsa. Zulkiflu ya fara daga yamma, daga jikin soron Malam. Kafin ya kai can ya ɗauko wani abu, sai ya taka ɗanyen aikinsa. Babu sawu ko ɗaya a kai, ko na kyanwa.

Bahago ya durƙusa ya karanta tafin hannun. Layi bayan layi, a miƙe, kamar an ja da zare. Sai a tsakiya, wajen kamu biyu, hannun ya karkace, ya yi ta hawa kan juna. Gurbin gwiwa ma ya juya gefe. Nan mutumin ya yi aiki fuskarsa tana kallon wani wuri daban. Ya ga abin da bai kamata ya gani ba, ya kau da kai, hannu ya ci gaba shi kaɗai.

To wa ya gani, tunda kira ɗaya aka yi?

Bahago ya miƙe don ya huta da baya. Iskar safe ta shiga rigarsa. Birni ya shimfiɗu a gabansa, soraye bi da bi har gindin sama, zankwaye a tsaye kamar kunnuwan zomaye masu saurare, hayaƙin girki yana tashi a miƙe. Shirwa biyu suna juyi ba sa kaɗa fiffike. Ya tsaya kamar mai barci a tsaye. Idonsa yana yawo, yana sauka a kan launi. Can ja, barkono ne. Can kore, kuɓewa ce aka yanka. Can fari, tsakin masara ne a tabarma. Can zannuwa a kan igiya suna kumbura suna saɓewa. Kusan kowane soro da shanyarsa.

Ya sake dubawa. Tun fitowar rana yana lungun nan. Kira ɗaya aka yi yau, nasa. Amma ga shanya a soro goma.

Ya yi tsaki, shi kaɗai, don haushin kansa. Mace ba ta kira. Wa za ta ce ya kimtsa? Kullum suna hawa suna sauka ta matakalar cikin gida, ba wanda ya taɓa lissafa su cikin masu hawa soro. Maza sun ƙirga muryar maza, suka ce sun ƙirga kowa.

Ya leƙa soron Malam, bai bar idonsa ya faɗa tsakar gida ba. Tabarmar barkono tana nan, gefe guda an share ta kamar an ja zane a kai da ƙarfi. A ƙurar soron akwai sawu, ƙafa ba takalmi, ƙarama, taki gajere, ta dama tana ja. Ya fito daga bakin matakala, ya koma can. Na komawa ya fi nutsewa, alamar mai ɗauke da kaya.

*

Zauren Malam Nasrullahi a share yake, amma buzun da yake zama ya yi sanyi. Littattafai a jere cikin gafaka, ba wanda ya taɓa su. Tare suka shiga makarantar allo da Bahago. Ɗaya ya gudu daji, ɗaya ya zauna har ya zama abin da ya zama.

Bahago ya yi sallama. An daɗe kafin a amsa. Ya ji taki yana zuwa, ƙafa ɗaya tana ja. Hajiya Ummukulsum, matar Malam, ta tsaya a bayan ƙyauren ciki. 'Ya'yansu suna nesa, su biyu ne a gidan. Suka gaisa, ya tambayi Malam, ta ce yana halwa, yana gaida kowa.

Ya ajiye ɓallin robar a bakin ƙofa. Hannu ya fito, siriri, ya ɗauka, ya koma.

"Barkononki ya zube a lungu, Hajiya."

"Iska ce."

"Iska mai shuɗin zane."

Ya gaya mata abin da ake ciki, ko da yake ya san ta sani. Ya ce da la'asar za a ba da sunan Zulkiflu. Ya ce yaron ya gan ta, kuma ya ƙi faɗa.

A nan wata murya ta taso daga cikin gida. Muryar tsoho ce, wadda Bahago ya sha jin ta tana fassara littafi mutum ɗari suna saurare. Yanzu kuka-kuka take yi. Tana cewa Inna, Inna, an ɗauke mini allona, ki ce su ba ni.

Innar Malam ta shekara arba'in a kabari.

Bahago ya dafa bango. Ya gane halwar. Ya gane abin da ɗan jirgin ya tsaya yana kallo a tsakar gidan nan, da abin da ya sa tsohuwa mai ciwon ƙafa ta hau matakala da zane a hannu.

"Shekara hamsin ana tashi tsaye in ya shigo," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "An ce abin da jirgin nan ya gani duniya za ta gani. A ƙasa yake zaune ranar, Bahago. Ba riga. Yana gina ɗaki da turɓaya."

"Ban tambaye ki ba."

"To me za ka ce musu?"

"Ni sawu nake bi. Inda ya ƙare nan nake tsayawa. Zan wanke yaron nan iyakar iyawata. Amma kin san mutane. Muddin ba a ga jirgi ba, wanki ba ya fita."

Ya ɗauki sandarsa. Ya ce a zauren nan zai tara dattawa, don ya fi kusa.

*

Bayan sallar la'asar suka taru. Alhaji Zaharaddini, Sadiƙu tela, dattawa uku, Muntasir da yatsansa naɗe a tsumma, Pamela a bakin ƙofa da waya a hannu, Zulkiflu a ƙasa kusa da takalma. Ba wanda ya zauna a buzun Malam. Hadari ya rufe gabas, hasken zauren ya koma ruwan toka.

Bahago ya fara da Muntasir, ya sa shi ya ɗaga yatsa. Aka yi 'yar dariya, aka sallame shi daga zargi, amma ya ƙi tafiya. Sannan ya ba da labarin ramin tsani, da ɗanyen yaɓen da ba a taka ba. Ya ce duk mai shakka tsani yana nan, ya yi kira ya hau ya gani.

Sadiƙu tela ya ce to ai magana ta dawo inda take. Kira ɗaya aka ji. In ba Zulkiflu ba, aljani ne?

"Wa ya shanya kuɓewa a soronka yau?" in ji Bahago.

"Mai ɗakina."

"Ka ji kiranta?"

Dattawa suka dubi juna. Alhaji ya shafa gemu, ya ce shekara sittin yana cikin lungun nan bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Sannan ya tambayi wace ce.

Bahago ya ce an kira shi ya nemo ko Zulkiflu ne, ya nemo ba shi ba ne. Wani dattijo ya ce wannan rabin aiki ne. Matan lungu sun fi ɗari, ba za a bar zargi yana yawo a kansu ba, kuma 'yan sanda suna za su nema. Ya juya ga Zulkiflu ya ce tunda yana sama, ya faɗi wadda ya gani, ya huta. Zulkiflu ya ce shi yaɓe ya je yi. Wayar Pamela ta fara ruri. Ta dube ta, ta dubi Bahago, ta bar ta tana yi.

Ƙyauren ciki ya motsa. Aka turo wani kwando a ƙasa, an rufe shi da shuɗin zane mai yagewa a gefe.

"Ni ce," in ji Hajiya Ummukulsum daga baya. "Ni na jefa masa zane, ni na ɗauke. Ku ƙyale ɗan mutane."

Alhaji ya buɗe baki zai tambayi dalili, Bahago ya dube shi, ya fasa.

Pamela ta ɗage zanen. Jirginta ne, fiffike ɗaya a karye. Ta ɗauki waya ta ce wa shugabanta an gan shi, a kan soro ya faɗi, ba sai an je ko'ina ba. Ta kashe. Bahago ya ce mata akwai abin da ke cikin jirgin nan da ba nata ba ne, ba na kamfani ba ne. Ta shiga ciki, ita mace ce, a goge shi a gaban mai shi. Ta cire takalmi, ta ɗauki kwandon da allonta na gilashi, ta shiga.

Maza suka zauna suna jira. Iska ta fara kawo ƙanshin ruwa. An jima sai suka ji muryar yarinyar tana cewa ya tafi, Mama, duba, babu shi ko'ina. Sai ta ce wa Malam, Baba, kana son ka gani? Ga garinku.

Muryar da ta amsa, rabon zauren da ita shekara biyu. A sarari take, kamar da.

"Kuyambana ke nan. Wuce. Ga Ƙofar Doka. Wannan Kibo ce, ga rimin nan nata. Gayan. Kona, ƙofarmu. Yarinya, sannu a hankali, ganuwa ba a gudu a kanta."

Dattawa suka sunkuyar da kai. Ɗaya yana motsa leɓe yana bin sunayen, kamar yadda suke bin sa a karatu. Bahago ya rufe ido, ya sake ganin garin daga sama, yana juyawa a hankali a ƙarƙashinsa.

Sai muryar ta canza, ta yi ƙanƙanta.

"Inna, zo ki gani. Mun tashi sama. Inna, ga gidanmu can."

Bahago ya buɗe ido ya dubi fuskoki. Ya yi zaton zai ga mamaki. Bai gani ba, ko a fuskar Muntasir. Alhaji yana share ido da bakin rawani. Ya ce a hankali, ba da kowa yake ba, katangar ƙasa ba ta riƙe murya. Ashe lungun kaf sun daɗe da sani. Kowa ya riƙe a cikinsa, yana aiko gaisuwa ga mai halwa.

Alhaji ya juya ga Zulkiflu ya nemi gafararsa a gaban kowa, ya ce shi ya fara kuskure da ya ba da izinin hawa sama bai sa an yi kira ba. Zulkiflu ya ce ba komai. Fuskarsa dai ba ta saki ba. Gafarar zaure daban, tsani a katanga daban.

Pamela ta fito, ta tsaya gefe. Ƙyauren bai rufu ba.

"Zulkiflu," in ji Hajiya.

"Na'am, Gwaggo."

"Tun yaushe ka sani?"

"Damina biyu. Ranar da na gyara wa tela indararo."

"Wa ka gaya wa?"

"Ko mai ɗakina."

Ɗigon farko ya bugi ƙasar ƙofar zaure.

"Ɗakin Malam yana yoyo," in ji ta. "Damina biyu ina tara kwano, na hana kowa hawa. Gobe ka zo ka duba shi."

"To, Gwaggo. In jingina tsani ta lungu?"

"Bar tsaninka. Ta cikin gida za ka bi."